Da Sunan Wa Kontar Yake?

Shekara 19 mutumin ya yi yana aikin gwamnati a fannin kuɗi, daga Damagaram zuwa Tawa, daga Tawa zuwa Yamai, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa riƙe faktir ɗin wuta mai ɗauke da sunansa ba. Biya kam yana biya. Sai dai gidan na haya ne, kontar kuwa na mai gida. Wani lokaci ma mai gidan ya daɗe da rasuwa, sunansa kawai ya rage a takarda, magada na karɓar haya. A gidan da ya fi daɗewa, cikin unguwar Bukoki, ɗaki da falo shida ne ke kallon tsakar gida ɗaya, kontar ma ɗaya. Ranar da faktir ya zo, bayan sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarma a yi zaman rabo. A ƙirga ƙwan fitilar kowa, a ƙirga fanka, mai firigo a ɗora masa kaso biyu, mai sayar da ƙanƙara a ɗora mata uku, ita kuwa ta rantse cewa firigon nata ya kwana huɗu a lalace. Da yake shi ne ma'aikacin kuɗi, shi ake miƙa wa bik da takarda. Tsakani da Allah yake rabon, amma da wuya ya tashi daga tabarmar nan wani bai ƙullace shi ba.

Zancen zaɓen mai ba da wuta kuwa bai taɓa faɗo masa a rai ba, kamar yadda ba ya faɗo wa kowa a Nijar. Tun 1968 da aka kafa NIGELEC, ita ce uwa ita ce uba. In ta kawo a gode wa Allah, in ta ɗauke a fitar da tabarma waje. Mai hali ya sayi injin ko ya ɗora farantin rana a kan rufi, marar hali ya riƙe mafici.

A watan Satumba na 2021 ya samu bursi ta ƙaro ilimi na shekara 2 a Faransa, a Clermont-Ferrand, garin masu tayar Michelin wadda duk mai kamiyo tsakanin Maraɗi da Ƙwanni ya san ta. Garin yana tsakiyar ƙasar, a gindin duwatsun da suka taɓa aman wuta, kuma da baƙin dutsensu aka gina tsofaffin gidajensa. Cikin irin waɗannan gidaje ya kama ɗaki ɗaya a hawa na uku, da ƴar kusurwar girki da makewayi, yuro 420 a wata, wato jika 275 da ɗoriya. Mai gidan wata tsohuwa ce. Suka zaga ɗakin tare tana rubuta halin da ya tarar da bango da taga, ta karanta lambar kontar ta rubuta, ta ce masa wani abu game da buɗe wuta da sunansa. Ya gyaɗa kai irin yadda ake gyaɗa wa jawabin shugaban biro. Ai ya danna maɓalli ya ga fitila ta kama. A saninsa ke nan wuta tana cikin kuɗin haya.

Rana ta tara da tarewarsa ya dawo da magariba, ya danna, shiru. Ko a jikinsa. Ya yi abin da kowane mutumin Yamai zai yi: ya yi sallarsa a duhu, ya ci burodi da sardin, ya zauna jiran a kawo. Sai da ya leƙa taga ya ga gidajen da ke fuskantarsa tar, ya buɗe ƙofa ya ga har fitilar bene tana ci, sannan ya gane wannan ɗaukewar tasa ce shi kaɗai. Wanda ya bar ɗakin ya rufe asusunsa tun da ya tashi, ragowar kwanakin alfarma ne baƙon ya yi ta ci bai sani ba.

Mutum ɗaya ya sani a garin da zai iya kira a wannan lokaci, wani yaro Ba'adare ɗan shekara 23 mai karatun kwamfuta, wanda suka gaisa a masallaci ranar Juma'a. Yaron ya zo da fitilar salularsa a kunne, ya durƙusa ya gaishe shi kamar a Tawa suke, sannan ya fara ba shi darasi. Tun ranar 1 ga Yuli 2007, in ji shi, kowane magidanci a Faransa shi ke zaɓen wanda zai sayar masa da wuta. Wayoyi da kontar suna hannun kamfani guda, Enedis, a kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar, shi ke gyara in an samu lalacewa. Masu sayarwa kuwa a lokacin sun haura 30.

"To wutar wa ta fi ƙarfi?" in ji dattijon.

"Wutar guda ta, Baba. Waya guda, kontar guda. Abin da za ka zaɓe shi na wanda zai rubuto maka faktir."

Ya yi shiru yana juya maganar. Famfo ɗaya da ƴan garuwa talatin, kowa da nasa farashi, kuma ko ɗaukar ruwan ba sa yi. A Nijar da wani ya zo masa da wannan tsari a takarda, da ya ce a mai da shi a sake nazari.

Suka je ga kontar ɗin, wani ɗan akwati mai launin ɗanyen lemo da ake kira Linky. Yaron ya yi ta danna maɓalli har wata lamba mai ɗigo 14 ta fito, ya ce wannan ita ce sunan ɗakin a wurin masu wuta. Da ita, da takardar lambar ajiya ta banki wadda suke ce wa RIB, da ƙarfin da mutum yake so a sakar masa, magana ta ƙare. Ga ɗaki irin nasa mai na'urar ɗumama ta lantarki, kVA 6 ya isa. In ya rage zuwa 3, ranar da ya haɗa tukunya da ɗumama kontar zai tsinke da kansa.

Daga nan aka shigo fagensa. Hukumar da ke sasanta masu saye da masu sayar da makamashi tana da shafi a intanet inda take jera farashin kowa, ba ta cin kwamisho daga kowa. Ya jawo bik da takarda, ya manta da duhu. Farashin iri biyu ne. Akwai wanda gwamnati ke tsayarwa, ana duba shi galibi a Fabrairu da Agusta, kuma tsohon kamfanin ƙasa EDF, wanda aka kafa a 1946, shi ke sayar da shi. Akwai kuma na kasuwa: wani ya ce ya daskare maka farashi shekara ɗaya ko biyu, wani ya ce kullum zai bi na gwamnati da ɗan ragi, wani ya bi farashin sari duk inda ya nufa. Akwai ma mai rangwame na awa 8 a kwana, yawanci cikin dare, wanda ya dace da mai injin wanki da babbar tukunyar ruwan zafi, ba da gwauro mai tukunya ɗaya ba. Ya yi lissafi ya tarar mafi araha zai rage masa ƴan yuro kaɗan a wata, kuma ransa ya biya, domin ƴan yuro kaɗan a can cefanen kwana biyu ne a Bukoki.

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi mini haƙuri. Tun watan jiya farashin gas ke hawa. Wasu ƙananan kamfunna sun fara rubuta wa mutanensu su nemi wani wuri. Abokaina biyu anka aiko ma."

Ma'aikacin kuɗi ya san wannan tun daga kasuwar Dole ta Damagaram: dillalin da ba shi da rumbu, ranar da hatsi ya yi tsada ba a ganinsa. Araha ba ta ado. Ya zaɓi farashin gwamnati, kuma gaskiya tsoro ya fi hikima yawa a cikin zaɓen, amma tsoron ya yi masa rana. Kashegari ya ƙi fita, ya dafa shayi a kan ƴar gas ɗin da yaron ya ara masa, yana jiran ma'aikaci ya zo da tsani da filaya. Ba wanda ya zo. Wajen azahar sai ya ji firigo ya fara gurnani shi kaɗai. Daga nesa aka sako wutar.

Kuskure ɗaya ya yi a wayar, kuma da gangan ya yi shi. Ana yanka wa mutum abin da zai riƙa biya kowane wata bisa ƙiyasi, a ƙarshen shekara a daidaita da abin da ya sha a zahiri. Da aka tambaye shi yadda zai yi da ɗumama, ya ce shi mutum ne mai bargo, a sa masa yuro 35. Yaron ya ce 60 ma da ƙyar. Ya ce masa, "Ɗana, kai ka san kwamfuta, ni na san kasafi."

Bayan mako biyu aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wani saurayi ne fes, da kati rataye a wuya, ya ce an aiko shi duba ko mazauna gidan suna samun rangwamen da ya kamace su. Wanda ya yi shekara 19 a sarwisi yana girmama kati. Ya nuna masa takardarsa, saurayin ya ɗauki hotonta, ya ce za a turo wata lamba a salula, a karanta masa don a tabbatar ya zo aiki. Da dare saƙo ya shigo: wani kamfani da bai taɓa jin sunansa ba yana yi masa maraba. Kunya ta sa ya yi kwana goma bai gaya wa kowa ba. Da ya faɗa, yaron ya dafe kai, domin doka ta ba wanda aka sa ya sa hannu a bakin ƙofa ko ta waya kwana 14 ya janye ba tare da ya faɗi dalili ba, saura kuma kwana huɗu. A rana ta 11 suka je gidan waya suka aika da wasiƙa mai rasit. Aka janye. Tun daga ranar lambar nan mai ɗigo 14 ta koma wurin da yake ajiye fasfo.

Intanet ba ta ba shi wahala haka ba, ko don ya riga ya sha ta fari. Manyan gidaje huɗu ne: Orange, SFR, Bouygues da Free. Zuciyarsa ta fara karkata ga na farko don sabo kawai, tunda kamfanin ya yi aiki a Nijar daga 2008 har aka sayar da reshen a 2019 ya koma Zamani. Amma wannan karon ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan talla. Akwatin intanet na gida farashinsa mai daɗi na wata 12 ne kacal, daga nan ya hau. Da yawa suna ɗaure mutum shekara guda. Ranar rufewa akwai kuɗin sallama wajen yuro 50. Sannan sai an jira ma'aikaci ya jawo zaren har cikin ɗaki, wataƙila ya huda bangon tsohuwa. Shi kuwa bukatarsa ba ta wuce biyu ba: ya sauke takardun karatu, kuma ya ga fuskar iyalinsa da dare. Mahaifiyarsa a Damagaram ba ta yarda da "lafiya lau" sai ta ga kumatu. Kiran Nijar kai tsaye da tsada yake, sai dai ta WhatsApp.

Ya yanke shawarar ɗaukar layin salula mai yalwar intanet, ƙasa da yuro 20 a wata, babu ɗauri, ya riƙa raba wa kwamfutarsa. Sai dai kafin ya biya ya ce shi ba ya sayen goro bai ɓare ba. Bangon baƙin dutse kauri gare shi. Yaron ya tattaro abokansa uku, kowa da layin gida daban, suka tsaya a kusurwar da gado yake, inda zai riƙa zama yana magana, kowa ya ɗaga wayarsa sama kamar masu neman wata. Biyu suka kama sosai, ɗaya ya kama sai a bakin taga, ɗaya ya mutu. Ya zaɓa cikin biyun, ya dafa musu shinkafa da wake. Abin da bai iya zaɓa ba shi ne ɗaya bakin zaren. A Yamai uwargida jika-jika take sayen intanet, kuma in wuta ta daɗe a ɗauke, salula ta mutu, magana ta mutu.

Sanyi ya zo, mai bargo ya kunna ɗumama tun Nuwamba. Azumin 2022 ya faɗo a Afrilu; shi yana shan ruwa da rigar sanyi biyu, ita tana fitowa a waya fuskarta na ƙyalli da gumi, hasken tocila a gefe, yara kwance a tsakar gida. Ta ce, "Malam, kai wutarku ba ta gajiya ne?" Ya ce ba ta gajiya. Bai gaya mata abin da ke ransa ba. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga tashoshin nukiliya take fitowa, kuma wani kaso na uraniyom ɗin da ya ciyar da su daga Arlit ya fito, inda Somaïr ta fara haƙa a 1971, inda kuma aka rufe ramin Cominak a Maris 2021, wata shida kafin tahowarsa. Ƙanen mahaifinsa ya yi ƙuruciyarsa a can, ya dawo ya rasu a gidan da fitilar ƙwai ce haskensa. A shekarar da mutumin yake zaɓe tsakanin kamfani talatin, ko mutum 1 cikin 5 bai cika ba a Nijar mai wuta a gida. Ya kan tuna da haka in ya danna maɓalli, ya kuma danna ɗin dai, don sanyi ba ya jin tarihi.

Da damina ta kama a gida, lokacin sabunta takardar zamansa ya yi. Cikin abin da hukuma ta nema akwai shaidar mazauni wadda ba ta wuce wata 6 ba: faktir ɗin wuta, ko na gas, ko na ruwa, ko na intanet ɗin gida. Na layin salula ba ya cikin jerin. Ya fito da na wutar ya shimfiɗa a tebur zai ɗauki hoto, sai ya tsaya. Wata tara takardun nan na zuwa, adadin kawai yake dubawa. Ranar ne ya dubi sama: sunansa da na mahaifinsa da manyan baƙaƙe, ga titi, ga lambar gida, ga hawa na uku. Ya tuna a Yamai, duk lokacin da ake son shaidar inda yake zaune, sai ya bi ta wurin mai unguwa ko ya jawo shaidu, shi da ya yi shekara 11 a gida ɗaya yana raba wa mutane faktir ɗin mamaci. A nan kuwa, inda ko maƙwabcinsa bai san sunansa ba, takardar wuta ta tsaya masa ta ce: wannan mutum yana nan, kuma yana biya. Ya daɗe zaune kafin ya ɗauki hoton.

Takardar da ta tsaya masa ita ce kuma ta kama shi. A Oktoba lissafin shekara ya zo: saura yuro 310, jika 203, daidai makon da yaransa uku ke komawa lakwal. Tun a Maris an aiko masa saƙo ana ba shi shawara ya ƙara abin da yake biya a wata, ya yi biris. Babu mai ƙanƙara da zai ɗora wa kaso uku, babu tabarmar da za a yi gardama a kanta. Kontar ya rubuta kowace rana da abin da aka sha a cikinta, har daren da ya yi barci ya bar ɗumama a kunne. Ya roƙa aka raba masa biyan kashi-kashi, uwargida ta nemi a ba ta kwasar adashi kafin layinta ya zo, aka biya kuɗin lakwal. Ba ta ce masa komai ba sai "Allah ya rufa asiri," abin da ya fi faɗa ciwo. Yaron ma bai ce ai na faɗa ba. Ya dai zo ya toshe masa ƙasan taga da tsumma, ya nuna masa yadda ake tsayar da ɗumama a kan 19.

Ta fuskar farashi kuwa zaɓensa ya kare shi. Gwamnati ta tsayar da hawan farashinta a kashi 4 cikin 100 a Fabrairu 2022, da kashi 15 a Fabrairu 2023, alhali wasu abokan karatunsa da suka bi na kasuwa sun samu wasiƙun da suka hana su barci, sai da suka gudo. Sa'arsu, sauya kamfani kyauta ne, kuma ba a yanke wuta a tsakani. A sanyin 2022 ɗin ne kuma ƙasar ta shiga zulumi, domin da yawa cikin tukwanen nukiliyarta 56 suna tsaye ana gyara. Aka yi shelar cewa wataƙila a ɗauke wuta na awa 2, unguwa-unguwa, kuma za a sanar tun kafin ranar. Talabijin ya wuni yana koya wa mutane sayen kyandir. Tsohuwa mai gida ta tare shi a bene hankalinta a tashe, ta ce an ce a ƙasarsu ana yin haka, yaya suke yi? Ya danne dariyarsa ya ba ta ilimin shekara arba'in: ta cika fulas da ruwan zafi, ta cika salula, kada ta yawaita buɗe firigo. Har sanyin ya wuce ba a ɗauke ba.

A Yuli 2023 ya gama. Kafin ya miƙa makulli ya karanta kontar, ya kira ya rufe asusun, don kada wani baƙo ya zo ya sha kwana tara da sunansa. Ya sauka Yamai a tsakiyar watan. Ranar 26 sojoji suka karɓi mulki, a farkon Agusta kuma, bisa takunkumin CEDEAO, Nijeriya ta yanke layin Birnin Kebbi wanda ke kawo mafi yawan wutar birnin. Ba ta dawo da shi ba sai a Maris 2024. Cikin wannan duhu ne ya shiga neman gida mai ɗan faɗi, tunda babbar ƴarsa ta girma. Dillali ya kai shi wani gida a Talaje, ya yi ta yabon rijiyar bayan gida da tsayin katanga. Shi kuwa ya wuce kai tsaye ya tsaya gaban akwatin da ke zaure.

"Da sunan wa kontar yake?"

Dillali ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Malam, wutar ma ina take, kake tambayar sunanta?"

Mai gidan, wani dattijon ɗan kasuwa, bai yi dariya ba. Ya ce kontar na mahaifinsa ne, Allah ya jiƙansa, kuma ba za a taɓa sunan ba. Suka yi zama biyu. A na uku suka daidaita: mai haya zai nemi kontar na biyu da kuɗinsa da sunansa, in ya tashi ya bar wa gida. Abokan biro suka ce Faransa ta taɓa shi. Faktir na farko ya zo ɗan kaɗan, don wutar ma kaɗan aka samu a watan. Ya huda shi ya sa a cikin fayil ɗaya da na Clermont-Ferrand. Kwana biyu bayan haka, da isha'i, wani yaro ya yi sallama daga Bukoki, da faktir a hannu da bik, ya ce mai ƙanƙara ta ce a gaishe shi, kuma firigonta ya kwana shida a lalace.